Babban kanti zai shigo unguwarmu

Jiya bayan sallar isha'i muka taru a ƙofar gidan mai unguwa kan maganar katafaren kantin da ake shirin ginawa a filin da yara ke buga ƙwallo. Wai komai za a riƙa sayarwa da rangwame.

Masu shaguna ne suka fi kumfar baki. Wani dattijo mai tireda ya ɗaga littafin bashinsa, duk ya yi baƙi da maiƙo, ya ce: "Ranka ya daɗe, wancan kantin zai ba magidanci sukari rabin gwangwani sai ƙarshen wata ya biya?" Wuri ya yi tsit, don da yawanmu sunanmu na ciki.

Matasa kuwa aiki suke hange, ban ga laifinsu ba. Wani ma ya ce a kwantar da hankali: Shoprite, katafaren kantin nan, ta buɗe a Ado Bayero Mall da ke Kano a 2014, ta rufe a farkon 2024, kasuwar Singa kuwa tana nan tana ci.

Ni titinmu ne damuwata. A Daidaita Sahu biyu da ƙyar suke gifta juna, to ina tirela za ta tsaya ta sauke kaya? Mako mai zuwa za a kai takardar koke ƙaramar hukuma. Na sa hannu.