Hoton bayan Inna

Jiya na raka Inna asibiti. Wata uku ke nan tana kukan ƙafar hagu, ciwon na tashi daga ɗuwawu har idon sawu. Mun yi ta shafa mata man zafi a ƙafar, ashe a tsatso matsalar take.

Likita ya ɗaga hoton bayanta ya ƙirga mana ƙasusuwan da yatsa: 7 a wuya, 12 da haƙarƙari ke maƙale da su, 5 manya a tsatso, sai 9 na can ƙasa da yawanci suke haɗewa. Jimilla 33. Tsakanin na saman akwai guringuntsi kamar 'yar matashiya, laka kuma ta bi ramin tsakiya. Matashiyar da ke tsakanin ƙashi na 4 da na 5 na tsatsonta ce ta bullutso ta danne jijiyar da ke sauka ƙafa.

Wallahi jikina ya yi sanyi. Bayan nan ne ya goye mu shida, ya sha daka da ɗaukar tulu.

Likita ya ce, "Mama, ki riƙa ɗan tattaki, ban da ɗaukar kaya."

Yau da asuba na riga ta zuwa rijiya. Ku sa ta a addu'a.