Kyanwar gidanmu da kejin ɓerayen Masar

Daren jiya wajen ƙarfe 2 kukan ɓerayen Masar ɗina ya tashe ni. Na fito da tocila, sai ga kyanwar gidanmu a kan kejin, ta zura hannu ta tsakanin wayoyi har kafaɗa. Ƙaramar cikinsu ta maƙure a kusurwa, jikinta sai ɓari yake. Da safe ko latas ɗin da na miƙa mata ba ta kalla ba. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Ranar da na sayo kejin, mai shago ya ce ɓeran Masar ba mahayi ba ne, ba sai da murfi mai ƙarfi ba. Gaskiyarsa, amma a gida mai mage da kare ai ba fitarsa ce abin tsoro ba. Firgici kaɗai yana sa su daina ci, kuma dabbar nan in ta yini ba ta ci ba, hanjinta na iya tsayawa.

Yau na je wurin mai walda don ya ƙera mini sabon keji. Na ce ƙarfe mai kauri nake so, da raga mai ƙananan ido, da murfi mai sakata biyu. Ƙasan kuma katako, domin waya tana ji musu ciwo a tafin ƙafa. Zan ɗaure shi a kan tebur, tunda kare ya taɓa ture tsohon da hanci. Kafin a gama na mai da su ɗakina, na kife musu tukunyar ƙasa da aka fasa wa ƙofa, su samu maɓoya mai sanyi.

Ɗazu ƙaramar ta leƙo ta ɗan ci ciyawa, Alhamdulillah.