Ɗan dakon da ya faɗo daga dutse

Shekara biyu na yi ina aiki a wani ɗakin fassara fina-finai zuwa Hausa. Aikina shi ne in zauna da takarda da biro, in rubuta maganar kowane ɗan wasa da mintin da ya yi ta, kafin masu ɗora murya su shigo. Yawanci na Indiya muke yi, amma wata rana maigida ya kawo tsohon fim ɗin Tarzan na 1932, wanda Johnny Weissmuller ya fito a ciki, ya ce, "Malam, dattawa suna nemansa, gwada mana."

Na raba takarda, kowa da gurbinsa. Na Turawa ya cika har ya tumbatsa. Baƙar fata kuwa ga su nan birjik, ayari guda da kaya a ka, amma in ka cire "bwana" (wato maigida da Swahili) da ihu, abin da suka furta bai taka kara ya karya ba. Akwai inda wani ɗan dako ya zame daga kan dutse ya faɗa ƙasa. Bature ya fara tambayar abin da ke cikin kayan, sannan aka tuna da mamacin. Sau uku ina mayar da wurin baya. Tun ina yaro nake tafa wa Tarzan, amma sai ranar na ga mutumin nan, don kawai gurbinsa a takardata ya zauna wayam.

Edgar Rice Burroughs, wanda ya ƙirƙiro Tarzan a 1912, bai taɓa taka Afirka ba. Giwayen fim ɗin ma na Indiya ne, aka manna musu kunnuwan ƙarya. Abin da ya fi ɗaure mini kai, a 1912 ɗin dai Burroughs ya fitar da labarin John Carter, sojan Amurka da ya tsinci kansa a duniyar Mars ya zama gwarzon mutanenta. Ashe dajin Tarzan da sararin samaniya uwa ɗaya uba ɗaya suke. Da duniya ta waye aka fara jin kunyar nuna Baƙar fata haka, sai aka shafa musu shuɗi ko kore aka tura su wata duniyar. Ka duba fim ɗin Avatar na 2009: baƙo ya zo wata duniya mai shuɗɗan mutane, ya koyi al'adar masu gari cikin 'yan watanni, ya hau dabbar da ta gagari jarumansu, ya ja su yaƙi. Tarzan ne ya sake riga.

Wani lokacin ko fentin ba a shafawa. A District 9, shi ma na 2009, 'yan Najeriya aka mayar 'yan daba masu cin naman halittun sama a Johannesburg, har ministar yaɗa labarai ta Najeriya a lokacin, Dora Akunyili, ta nemi gidajen silima su daina nuna shi.

Ina nan ina jin kaina malami, sai aka kawo mana Star Wars na 1999, mai Jar Jar Binks, wawan nan mai dogayen kunnuwa da aka yi ta suka a Amurka cewa kwaikwayon Baƙar fata ne irin na tsoffin wasannin raini. Wani abokin aiki ya ce a ba shi gwaranci, mutane za su sha dariya. Na buɗe baki zan yi wa'azi, idona ya faɗa kan takardata. A gefen sunan Jar Jar, da hannuna, tun jiya na rubuta: "hausar baƙauye".

Na soke shi na kai wa maigida ƙorafi. Ya saurare ni tsaf, ya ce, "Malam, kasuwa dariya take saye." Aka yi ta ja-in-ja har la'asar, daga bisani aka ba Jar Jar Hausa tsantsa, sai dai mai surutun tsiya. Wanda ya ɗora muryar bai yi mini magana ba har kwana biyu.