Yadda na yi wa shagona inshorar ambaliya

A watan Fabrairun 2023 gobara ta cinye kasuwar Monday a Maiduguri, sai wasu daga cikinmu suka je suka yi inshorar gobara. A Satumban 2024 kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya malale Gwange, ya shiga fadar Shehu, ya iske mu har cikin shaguna. Wani maƙwabcina mai sayar da shinkafa ya kwashi takardunsa ya tafi kamfani, aka ce masa gobara kaɗai ya biya wa. Buhunansa sun kumbura sun fashe, yana tsaye yana kallo. Har yau abin yana ci mini rai.

Da na samu na farfaɗo, na nemi kamfanin takaful, wato inshorar Musulunci, domin hankalina ya fi kwanciya da tsarin taimakekeniya da ba ruwansa da kuɗin ruwa. Kafin in zauna sai da na tabbatar NAICOM, hukumar da ke kula da kamfanonin inshora a Najeriya, ta ba shi lasisi. Na ce wa jami'in, "Malam, nuna mini inda aka rubuta ambaliya." Ya ce, "Alhaji, sai an ƙara ta a kan ta gobara, tare da guguwa da fashewar bututu." Aka ƙara, na biya ƙarin kuɗi, na gani da idona a rubuce.

Abin da ya fi ɗaukar mu lokaci shi ne ƙimar kaya. Idan atamfar naira miliyan 10 ce a shago ka ce musu ta miliyan 5 ce don a rage maka kuɗi, rabin asararka za su biya, ko da ɗan ɓangare ne ya lalace. Ga shi farashi ba ya tsayawa wuri ɗaya, don haka duk shekara sai an sake lissafi. Akwai kuma wani kaso na asarar da kai za ka ɗauka kafin su biya saura.

Sun sa mini sharaɗin kada kaya su taɓa ƙasa, na sa kafinta ya yi mini dakalin katako. Rasit da littafin ciniki kuwa ina ɗaukar hotonsu a waya, tunda takarda ce farkon abin da ruwa ke ci.

Gida kuwa inshora daban na yi masa. Ni haya nake, ginin na mai gida ne, kayan ɗaki kaɗai na rubuta.