Gwaji ɗaya, lamba ɗaya: darussa daga aikin neman kuɗin gwajin cututtukan numfashi a Amurka

Kuskuren da ya fi jawo wa mai sa lamba, wato ma'aikacin da ke sa wa kowane aikin asibiti lambarsa a takardar neman kuɗi, baƙin jini a wannan fanni shi ne rarraba gwaji ɗaya zuwa lambobi uku. An ɗauki majina daga hancin majinyaci sau ɗaya, na'ura ta yi aiki sau ɗaya, ta fito da sakamakon korona, da mura nau'in A da B, da RSV (wata ƙwayar cutar numfashi). Lambar wannan aiki 87637 ce, wadda Ƙungiyar Likitocin Amurka ta fitar a watan Oktoban 2020. Sai dai takardar sakamakon kan zo da layi huɗu, ido ya ruɗu, a rubuta 87635 don korona, 87502 don mura, 87634 don RSV. Kowace lamba gaskiya ce a karan kanta. Haɗa su kuwa tamkar ka ce an yi gwaji uku ne, alhali ba a yi ba.

Abin da ya fi muni shi ne wani lokaci kuɗin kan fito. Da an ƙi biya tun farko, da an gyara a mako guda. Amma idan ya wuce, sai kuskuren ya yi ta maimaituwa wata da watanni, har masu binciken kuɗi su iso. A tsarin Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka, duk rarar kuɗin da aka gano dole a mayar cikin kwana 60. A ranar, shugaban da ya riƙa murna da hauhawar kuɗin shiga ba ya cewa uffan, sunan mai sa lamba ne ke kan kowace takarda. Wannan ba adalci ba ne, domin sau da yawa tushen ɓarnar na cikin jadawalin da ke haɗa kwamfutar ɗakin gwaji da ta lissafi, wanda wani daban ya tsara. Saboda haka kada ka dogara da layukan sakamako. Nemi takardar kamfanin da ke cikin kwalin kayan gwajin, ka ga ƙwayoyin cuta nawa yake nema a tashi ɗaya. Duk wanda ya ce ka sa lamba saɓanin haka, ya rubuto maka ta imel.

Manyan gwaje-gwaje kuma ƙidaya suke so: 87631 na ƙwayoyin cuta 3 zuwa 5 ne, 87632 na 6 zuwa 11, 87633 na 12 zuwa 25. In kayan gwajin na da lambarsa ta musamman, kamar 0202U ta gwajin kamfanin BioFire mai neman ƙwayoyi 22, ita ke gaba da kowace. Ga majinyacin da ba a kwantar ba, mai tari da zazzaɓi kawai, Medicare kan ƙi biyan mai neman 6 zuwa sama, takarda ta dawo da CO-50, wato ba a ga larurarsa ba. Takardar ABN, wadda ke gargaɗin majinyaci cewa kuɗin na iya dawowa kansa, kafin gwaji ake sa mata hannu. Bayan an yi, ba ta da amfani.

Sauran ƙanana ne, amma suna cin kuɗi. Gwajin da CLIA, dokar kula da ɗakunan gwaji, ta sassauta wa sharaɗi yana buƙatar alamar QW a jikin lambarsa, lambar CLIA kuma ta zauna a gurbi na 23 na fom ɗin neman kuɗi CMS-1500. Gwajin gaggawa na mura mai ba da sakamakon A da B daban-daban, 87804 ne sau biyu, na biyun da alamar 59 mai nuna aiki ne daban. Lambobin gwajin korona U0003 da U0005 sun daina aiki da ƙarewar dokar ta-ɓaci ta korona ranar 11 ga Mayun 2023. R05, na tari, shi kaɗai bai isa ba tun Oktoban 2021, sai R05.9 ko 'yan'uwansa. In likita ya rubuta "ana zargin mura" ga wanda ba a kwantar ba, alamomin za ka sa, tari ko zazzaɓi R50.9, ba J10.1 ta murar da aka tabbatar ba. In an ƙi biya, wa'adin ɗaukaka ƙara na farko a Medicare kwana 120 ne.