Yadda na auna tuntuɓen mai karatu a jimla mai fuska biyu

Tun 1982 masu binciken karatu Lyn Frazier da Keith Rayner suka nuna, ta hanyar bin motsin ido, cewa mai karatu ba ya jiran jimla ta ƙare. Ginin da ya fi sauƙi yake kamawa, in ya ci karo da kalmar da ta ƙi shiga sai ya ja burki ya koma baya. Da Turanci suka yi aikin, ni kuma na gwada da Hausa.

Na yi amfani da PsychoPy, manhaja ce kyauta. Kalma ɗaya ke fitowa a allo, sai mai karatu ya danna maɓalli ta gaba ta zo, kwamfuta na ƙirga lokacin. Jimlolin gwaji 24 na shirya, kowacce da waƙafi (wanda ke kawar da ruɗanin) da kuma ba waƙafi, na raba su jeri biyu don kada mutum ya ga jimla ɗaya sau biyu. Na cakuɗa su da jimloli 48 na yau da kullum, in ba haka ba mutane kan gano dabarar.

Kuskurena na farko wajen zaɓen aikatau ne. Na rubuta: "Bayan Ladi ta saya naman ya ƙare." Babu wanda wannan za ta kayar, domin Bahaushe ya san da naman ne karɓau, "ta sayi" za a ce. Aikatau irin su saya, nema, ɗauka da tambaya suna tona asirin jimlar da wuri, dole na zubar da su. Amma duba: "Bayan Ladi ta dafa naman ya ƙare." A rubuce "dafa" ba ta sauya kama, sai mai karatu ya haɗa "ta dafa naman", ya zo kan "ya" ya tarar ba mai aikin. A baki wasalin ƙarshe yana gajarta gaban suna, shi ya sa gwajin na karatu ne kawai, kunne ba zai ruɗu haka ba.

"Da" ma tana da nata tarkon. "Yaron da malamin" na iya zama mutum biyu, na iya zama farkon bayani kan yaron, sai "sun" ko "ya kira" ya raba gardama.

Jinkirin bai cika tsayawa kan kalmar da ta warware ruɗanin ba, yakan zube kan ta gaba, don yatsa ya riga ya danna. A auna duka biyun. Kada kuma kalmar ta zo ƙarshen jimla, can kowa kan ɗan dakata ko da jimlar lafiya take.

Tambayar da nake yi wa mai karatu bayan jimla, don in ga yadda ya fahimce ta, ita ta fi ba ni aiki. In na ce "Ladi ta dafa naman?" aka amsa e, ba zan iya cewa fahimtar farko ce ta maƙale ba, irin abin da Fernanda Ferreira da abokan aikinta suka bayyana, tunda hankali ma zai ɗauka naman ta dafa. Sai da na riƙa kwatanta amsoshin da na jimla mai waƙafi kafin bambancin ya yi ma'ana.