Tarihin Rayuwata, Kashi na 19: Ruwan Ciki

Makon jiya na tsaya a inda muka raba shago ni da Yaya, har na yi alkawarin yau zan kawo labarin Umarata. Ku yi haƙuri, Umara ta jira. Daren Talata na farka wajen ƙarfe uku, riga ta jiƙe sharkaf kamar an sheƙa min bokiti, hannu na rawa ina lalubar gwangwanin dabino a gefen gado. Ina zaune ina tauna a cikin duhu sai azumin 2018 ya dawo min sabo fil, kuma tun ranar ya ƙi barina.

Baba, Allah ya jiƙansa da rahama, yana da magana ɗaya da ya ishe mu da ita muna yara: da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ba ya barin yaro ya saɓi fartanya sai ya ga ya sha koko ko ya ci ɗumame. Ko lokacin farin 1973, da tukunya ta koma hawa murhu sau ɗaya a yini, cewa ya yi da Inna a mayar da sau ɗayan nan da safe. Mu kwanta da yunwa, amma kada mu fita da ita. Ni a lokacin gani nake tsufa ne kawai da son faɗa.

A 2011 aka ce min ina da ciwon sukari, irin na manya, wanda ake ce wa nau'i na biyu. Fitsarin dare ne ya kai ni, da ƙishirwar da ko randa na shanye ba ta tafiya, ga rama har ana tambayata ko karaya na yi a kasuwa. Daga ranar kowa a Kantin Kwari ya zama likitana. Wannan ya ce alkama, wancan ya ce acca, wani ya ce wake safe da dare, wani ya kawo min shuwaka a jarka, wani hulba, wani ganyen darbejiya. Duk bakinsu ɗaya: kada sukari ya hau. Babu mahaluƙin da ya taɓa ce min abin nan yana sauka, kuma saukarsa ta fi hawansa saurin kai mutum ƙasa. Hawa yakan ɗauki shekaru yana cin ido da ƙoda da ƙafa. Sauka kuwa tsakanin Azahar da La'asar ta gama da kai.

Magani biyu aka ɗora ni a kai, metformin da wata 'yar ƙaramar ƙwaya, glibenclamide. Na koma asibiti sau uku ko huɗu, layi ya gundure ni, sai na riƙa ɗaukar tsohon kwali ina miƙa wa mai kemis yana ba ni irinsa. Haka shekara bakwai ta wuce. Ba ni da abin faɗa a kan shekarun nan, in ban da auren amarya da kun riga kun ji a kashi na 15.

Azumin 2018 ya faɗo a watan Mayu, kun san zafin Kano a lokacin. Ranar goma sha ɗaya ga wata, da sahur, uwargida ta kawo tuwon shinkafa na ture. Tsoron abinci ya riga ya shige ni, in na ga farin tuwo kamar na ga maciji. Na ci kabeji da ɗan wake cokali biyar, na haɗiye ƙwayoyina biyu, na bi su da kofin shuwaka don ƙarin ƙarfi. Har ina yaba wa kaina. Ɗan mutumin da ya ce da ruwan ciki ake jan na rijiya ke nan, ya fita kasuwa da guga babu ko igiya.

Zuwa Azahar na fara jin zuciya na bugu, gumi mai sanyi yana tsattsafo min a ƙeya. Na ce zafi ne. Yunwa ta taso irin wadda ban taɓa ji ba, laɓɓana suka yi kamar ana tsira musu allura. Na ce azumi ne, kowa ma yana ji. Bayan La'asar wata mata 'yar Agadas, tsohuwar mai sayayyarmu, ta zo ɗaukar shadda. An ce na ƙirga yadi goma sau uku ina samun lissafi daban, da ta yi magana na zage ta. Ni da ban taɓa ɗaga wa mai saye murya ba tun ina yaron shago. Wannan duk ba na tuna shi, yaran ne suka ba ni labari. An ce ido ya kafe, magana ta harɗe, na zame jikin dila na zauna a ƙasa ina dariya.

Aka kira Yaya daga layinsu. To, a nan ne maganar take, kuma na san 'ya'yansa suna karanta wannan, su karanta.

Yaya ya dube ni ya ce iska ce. Ya ce dama tun shigowar yarinyar nan gidan bai ga daidai ba. A gaban mutane, a tsakiyar kasuwa, ya kama sunan amarya. Wani maƙwabcinmu ya ce a kai ni asibiti, Yaya ya ce wannan ba ciwon asibiti ba ne. Aka tofa min addu'a, aka shafa min ruwa, aka saka ni a adaidaita sahu zuwa gida Rijiyar Lemo, shi kuma ya aika a ɗauko mai ruƙiya. Ban raina addu'a ba, Allah ya tsare ni da haka. Amma shekara bakwai Yaya ya san ina shan maganin sukari, shi ne ma mai kawo min shuwakar.

Allah ya sa 'yata Ummi, mai sunan Inna, tana gida hutu daga makarantar koyon aikin jinya. Ta ɗauko na'urar gwajin sukarin da ta saya min da kuɗinta, wadda na jefa a durowa don ina ƙyashin kuɗin tsinken. Ta huda min yatsa, na'ura ta nuna 2.6. A masu ƙirga da manyan lambobi wajen 47 ke nan. Daga baya na koyi cewa duk abin da ya yi ƙasa da 3.9, wato 70, sauka ce, in ya gangara ƙasa da 3.0 kuwa ƙwaƙwalwa ce take neman abinci ta rasa. Shi ya sa zagin, shi ya sa dariyar.

Ta kira ni, "Abba, Abba, kana jina?" An ce na amsa, kuma da ta gwada ni da kurɓin ruwa na haɗiye. Ta dama sukari cokalin shayi uku a rabin kofi. Yaya ya tare ƙofa.

"Ke, mai ciwon sukarin za ki ɗura wa sukari? Kashe shi za ki yi? Kuma saura awa ɗaya a sha ruwa ki karya masa azumi?"

"Baffa, ka yi haƙuri," in ji ta, kanta a sunkuye. "In muka jira Magariba ban san wanda za mu ba ruwan ba."

Ta raɓa ta gefensa ta wuce. Yarinyar da ko ido ba ta haɗawa da shi. Bayan minti goma sha biyar ta sake gwadawa, bai kai ba, ta ƙara min wani. Sai ga ni na dawo ina tambayar wa ya kawo ni gida, ina ɗankwalin buɗe shago, wato makullin da nake ɗaurewa da tsumma. Mai ruƙiya ya iso ya tarar ina cin tuwon da na ture da asuba.

Nan ma sai da na sake nuna halina. Ummi ta ce a tafi asibiti, na ce na warke, kada a tara min jama'a. Ashe ita wannan 'yar ƙwayar ba ta sakin mutum da wuri. Aikinta ta matsa wa jiki ya fitar da insulin, sinadarin da ke saukar da sukarin jini, ka ci ko ba ka ci ba, kuma takan kwana ta yini tana aiki, balle ga wanda shekaru suka ja ko ƙodarsa ta fara gajiya. Metformin shi kaɗai da wuya ya yi wa mutum haka. Ƙarfe biyun dare amarya ta ji ina wani irin minshari, ta tashe ni ban tashi ba. Uwargida ta zo da zuma za ta ɗura min, Ummi ta riƙe hannunta, ta ce wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a zuba masa komai a baki, huhu zai tafi. Suka juya ni a kan haƙarƙari, maƙwabci ya fito da mota. Ruwan gulukos aka saka min ta jijiya, na kwana biyu a gado. Amaryar da aka ce ta yi min asiri, ita ce ba ta runtsa ba har ta ji numfashina ya canza.

Likitar da ta sallame ni yarinya ce, ba ta fi Ummi da yawa ba, amma ta wanke ni tas cikin ladabi. Ta ce, "Baba, wa ya ce ka sha wannan da sahur?" Na yi shiru. Ta cire min ita, ta canza wata, ta mayar da mai ƙarfin zuwa buɗa-baki. Ta ce in ina azumi na gwada na ga ƙasa da 3.9, ko ya haura 16.7, ko na ji rawar jiki da gumin nan, in karya nan take ko da ladan ya hau. Ta ce in yawan sauka ya zame wa mutum jiki, wata rana alamun ma daina zuwa suke yi, sai dai a tsince shi. Na tambayi malaminmu na masallacin unguwa, ya karanto min ayar Baƙara da ta yi wa maras lafiya rangwame ya rama a wasu kwanaki, ya ce huda yatsa ba ya karya azumi. Da na tambaye shi tun 2011, da ban zagi baiwar Allah 'yar Agadas ba. Ta daina zuwa shagona, kuma har yau ban sami wanda zan aika ya ba ta haƙuri ba.

Yanzu aljihuna ba ya rabuwa da dabino uku da alawa, akwai a mota, akwai a ƙarƙashin teburin shago. Yaran shago duk na gaya musu, in kun ga Alhaji yana gumi yana faɗa ba dalili, ku ba shi rabin kwalbar lemo mai sukari kafin ku tambaye shi me ya faru. Na daren Talatar nan laifina ne, na je ɗaurin aure Bichi na dawo a gajiye, na sha magani na kwanta ban ci ba. Ina tauna dabinon ina jin muryar Baba kamar yana tsaye a bakin zaure da carbinsa.

Yaya ya zo duba ni a asibiti da ledar lemon zaƙi da ayaba. Ya zauna, ya yi min sannu, ya ce Allah ya kiyaye gaba. Amarya tana tsaye a bakin gadon riƙe da fulas, bai dube ta ba. Na jira ya ce wani abu da sallah ƙarama, na jira da babba. Maganar raba shagon da na ba ku makon jiya, da na ce a kan kuɗin haya ne, wata biyar ne tsakaninta da wannan.